Shuɗin Tawada a Kan Ƙwai

"Buɗe mayafinki mu gani!" in ji Matar Kawu, da ƙarfin da ya sa duk masu layin karɓar abinci suka juyo. Auta ta tsaya a ƙofar cibiyar, kwanon da ta rufe da mayafin ya suɓuce, wake da ganye da dafaffen ƙwai suka watse a ƙasa... Wayyo Allah! Yarinyar da ba uwa ba uba, wadda makwancinta ɗakin girkin gidan kawunta ne, yau ita ake nuna wa yatsa ana kira ɓarauniya.

Cibiyar nan tsofaffi da marasa lafiya take ciyarwa. Duk mako ana aika musu da jaka mai ƙwai, wake, ganye, kifi da 'yar shinkafa. Aikin Auta wanke-wanke ne, da ɗiga wa kowane ƙwai shuɗin tawada don kada wani ya kai kasuwa. Makullin sito kuwa yana hannun Matar Kawu, ita ke cika jakunkuna. An daɗe ana gunagunin kaya na ɓacewa, yau an samu wadda za a ɗora wa.

"Ranki ya daɗe, wallahi abincina ne na rana," Auta ta ce wa Shugabar cibiyar, hawaye na zuba. "Kaka nake kai wa..."

"Ji maƙaryaciya! Ni na raine ta, na san halinta. Ko cokali ba na bari a gabanta!" Matar Kawu ta katse ta, har da dafa ƙirji, kai ka ce mutuniyar kirki ce.

Shugaba ta girgiza kai. "Kin ba ni kunya, 'yata. Ajiye rigar aiki ki tafi."

Kaka wata tsohuwa ce mai ciwon suga a ƙarshen layi, idonta ya kusa tafiya, ba ta da kowa. Tun ranar da Auta ta ga jakarta ba komai sai shinkafa, ta daina cin abincin rana, take kai mata. Ta zargi mai cika jakar, amma ina bakin magana ga mai cin arziki a gidan wani?

Daga nan duniya ta yi mata zafi. Kawu ya daina amsa gaisuwarta. Maƙwabta na ganinta sai su kwashe shanyarsu. Duk inda ta je neman wanke-wanke, labarin ya riga ta isa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne zuwa wurin Kaka hannu wofi, ta tarar da ita tana tura farar shinkafar da likita ya hana ta, tana cewa, "Kar ki yi kuka, jikata, yunwa ba ta san ciwo ba." Auta takan ɗaga hannu sama: "Ya Allah, Kai kaɗai ne shaidata... kar Ka bari baiwar nan taka ta mutu saboda an kore ni!"

Wata safiya Auta ta sami Kaka a yashe bakin ƙofa, ko motsi ba ta yi. Innalillahi! Haka ta yi ta ihu a titi har wani direba ya tausaya ya kai su asibiti.

Da Shugaba ta zo dubiya, Kaka ta farfaɗo. Shugaba ta ce, "Baiwar Allah, ba muna aiko miki da ƙwai da ganye ba?"

"Ƙwai?" Tsohuwa ta lalubo hannun Auta. "Ƙwan da na sani shi ne na kwanon yarinyar nan. Ita ta yini da yunwa, ni na ci. Jakarku shinkafa ce tsurarta."

Shugaba ta miƙe nan take. Ba ta koma cibiya ba, gidan Kawu ta nufa, ta kutsa har bayan gida. Ga Matar Kawu tsugune gaban baho tana dirje ƙwai da soso, ruwan ya zama shuɗi, mai shagon unguwa na tsaye yana jira! A cibiya, a gaban masu layin da ta tozarta marainiya a idonsu, aka karɓe makullin daga hannunta, 'yan sanda suka tasa ƙeyarta, Kawu ya kasa ɗaga kai.

Shugaba ta sa makullin a tafin Auta tana share hawaye. "Ki yafe mini, 'yata."

Jakar farko da Auta ta cika, ta Kaka ce. Ta dafa ƙwai da ganye ta kai asibiti, ta ɓare ɗaya ta miƙa mata a baki. Tsohuwa ta kau da kai, ta tura hannun baya.

"A'a, jikata. Yau sai na ji kina taunawa kafin in ci."