Furar da Maharazu Bai Taɓa Sha Ba

"Sha mana, Maharazu!"

Na miƙa masa ƙwaryar fura a ƙofar gidanmu da ke bakin kanal, bayan Bunkure. Ya karɓa da yatsu biyu, ya dire ta can ƙarshen benci.

"Na ƙoshi, hasken raina..."

"Kullum a ƙoshe kake?"

Tun da ya fara zuwa zance wurina bai taɓa kurɓar furata ba. Ni kuwa sakarya, sai na ɗauka kunyar surukai ce, har ina yi wa ƙawaye fariya da shi. Wallahi na so mutumin nan, so na haƙiƙa.

Shagon maganin dabbobi gare shi a kasuwar Kura. Samarin wasu turare da atamfa suke kawowa, nawa gwanin kuwa leda yake cikowa da garin magani da kwalaben allura. Wai a riƙa zuba wa kaji a ruwa kullum, a yi wa shanu allura ko lafiyarsu ƙalau, don su yi ƙiba. Suka kuwa yi. Baffa, mahaifina, ya ce bai taɓa ganin suruki irin wannan ba, nan da nan aka sa rana.

Inna ce mai tatsa, ita ce mai share akurki. Da ciwon fitsari ya kama ta, muka faro daga kemis, muka ƙare a babban asibiti a Kano, zazzaɓi ya ƙi sauka. Likita ta ja ni gefe.

"Ƙanwata, cutar ta shiga jini. Har maganin da muke ajiyewa sai an rasa yadda za a yi mun ba ta, bai yi aiki ba. Kuna kiwo?"

Na ce muna yi, na faɗa mata sunan garin da muke zuba wa kaji. Ta runtse ido.

"Ai irinsa muke ba mahaifiyarki. Ƙwayoyin cuta kan saba da shi a cikin dabba, su biyo kashi, ko ɗanyen nono, ko hannun mai aiki, su shiga mutum. Ba zan rantse cewa daga nan ta samo ba, amma hanya ce."

Da wannan maganar na dawo gida ɗaukar wa Inna kaya, sai ga gogan ya zo zance, an sha shadda, ana ƙamshi. Shi ya sa na dama masa furar da hannuna, da nonon shanunmu.

"Na ce ka sha."

"Haba Mairama, yau kuma rigima?"

"Kurɓa ɗaya!"

Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni, ya rage murya, shi a dole mai hikima.

"Tauraruwata, ni fa na san abin da nake sayarwa. A jikin kwalbar ma an rubuta kada a sha nonon saniyar da aka yi wa allura sai an kwana biyu. Idan kin zo gidana madarar gwangwani za mu riƙa sha."

Madarar gwangwani! Ku ji min namiji!

"Ka gaya wa Baffa?"

"To, da na gaya masa, wa zai sayi magani ya kuma zubar da nono? Sana'a ce..."

"Uwata tana can tsakanin rai da mutuwa, kai kana tsoron cikinka! Tir! Da wannan bakin kake ce min hasken rai?"

Ashe Baffa yana zaure. Ya fito a hankali, shi da ko jiya yake ja min kunne kada in kunyata shi bayan an sa rana. Ya tsaya a kan Maharazu.

"Yaro, nonon nan har jikokina suna sha."

"Baffa, ai ba haka..."

"Tashi min daga benci."

Ya tashi yana kakkaɓe shadda, ko tambayar jikin Inna bai yi ba.

Ranar Juma'a Inna ta cika, hannunta cikin nawa. Maganarta ta ƙarshe tambaya ce, wai an tatsi shanu kuwa? Na yi kukanta, na kuma yi kukan wautata, don ni ce nake karɓar ledar nan da murmushi ina kai mata.

Ranar sadakar uku sai ga Maharazu, ba kunya ba tsoron Allah, ya kutsa cikin masu gaisuwa yana sunkuyar da kai. Muka tafasa nono sosai, muka dama fura, aka fara fita da ita ƙofar gida. Goggo Iyatu, ƙanwar Baffa, ta leƙo.

"Mairama, ga Maharazu can, a kai masa a kofi ko a ƙwarya?"

Na share hawaye da bakin mayafi.

"A tsallake shi, Goggo. Ya ƙoshi."