Kangon da Ba a Yi wa Sallama Ba

Ana gab da magariba dutse na farko ya faɗo tsakar gidan Mai Fenti, ya fasa robar da matarsa ke wanke-wanke a ciki. Na biyu ya tsaga mata goshi. Aka leƙa lungu, ko kaza babu.

Aikin Mai Fenti shi ne shafa jan fenti a gidajen da za a rushe. A ofis suna kiran abin "sabunta unguwa". Autarsa ta taɓa tambayarsa ma'anarsa, ya ce, "A rushe tsoho a gina sabo, kowa ya huta." Da ma bakinsa ya fi hannunsa sauri.

Kwana uku ana ruwan duwatsu. A na huɗu suka tarar da Auta tana buga kanta da bango, jini na gangarowa. Ƙarti huɗu suka danne ta, ta watsar da su, har ɗaya ya rasa haƙori. Wallahi ubanta kuka ya yi kamar yaro.

Malamin ruƙiyya ya zo ya fara karatu. Sai muryar tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Sabuntawa nake yi. Ba sai an rushe ba?"

"Me ya yi miki?" in ji malam.

"Kowane gida ya ba su wata guda su kwashe kaya. Kangonmu kuwa ko sallama bai yi ba, wai ba kowa. Katafila ta danne mini jikoki biyu."

"Ki ji tsoron Allah. Yarinyar nan ba ta shafa fenti ba."

"Nawa sun shafa?"

Malam ya ƙara karatu, ita kuma ta murɗe hannun Auta har aka ji ƙas! Uwar ta zube.

"Ya rushe ɗakinsa da hannunsa, ya ji yadda ake ji," in ji tsohuwar. "Sai in tafi."

Malam bai gama cewa ba a biye wa aljani ba, Mai Fenti ya riga ya ɗauko guduma. Shekara tara ya yi yana gina ɗakin nan. Da bango na ƙarshe ya faɗi, Auta ta yi atishawa uku, ta ce, "Baba, hannuna."

Hannun bai koma daidai ba har yau. Shi kuwa bai bar aikin ba, sai dai duk kangon da ya je, sai ya yi sallama sau uku ya jira, abokan aiki na ta yi masa dariya.

Ranar Talatar da ta wuce aka amsa masa.