Sandar Tsofaffi

Sufeto yana cikin shan shayinsa na safe Sajan ya leƙo ofis.

"Yallaɓai, an yi sata a filin golf."

"Me aka sata? Ciyawa?"

"Sanduna biyu, na wani likita."

Kwana biyu ke nan ofishin shiru, ba a kawo ƙarar da ta wuce ta ɓatan waya ba, kuma Sufeto yana jin daɗin hakan. Ya shanye shayinsa a tsanake, ya ɗauki hula, suka fita.

Shagon kayan wasan yana jikin ginin kulob, ƙofarsa tana kallon fili. Ciki sai warin roba da gam. Sanduna jere a bango, can ƙurya ga teburin gyara, kusa da shi kuma wata raga da ake gwada bugu a cikinta.

Mutum huɗu suka tarar. Mai Shago, ɗan dattijo mai tabarau, yana ta share gumi ko da yake fanka na juyawa. 'Yarsa, wadda kowa ke kira Auta, ita ce ke auna wa mutane sanda tana gyarawa. Likita yana zaune a kujera, sai kuma Kyaftin, shugaban 'yan wasan kulob ɗin, dogo mai babbar murya.

"Wa ya kawo ƙara?" in ji Sufeto.

"Ni ne," in ji Likita. "Na bar sanduna uku a sa musu sabuwar roba a mariƙi, na yi tafiya. Tafiyar ba ta yi tsawon da na zata ba. Jiya na zo karɓa, sai ɗaya."

"An fasa ƙofa?"

"Ba a fasa komai ba, ranka ya daɗe," Mai Shago ya yi saurin cewa. "Kuma ni shekaranjiya, ranar da suka ɓata, ban motsa daga shagon nan ba. Ko nan da can."

Kyaftin ya yi gyaran murya.

"Sufeto, ni ba na son ɓata sunan kowa. Yarinyar nan 'yata nake ce mata. Amma ranar da yamma na gan ta tana tura doguwar jaka a bayan motarta."

"Jakata ce, Kyaftin," in ji Auta. "Kullum kana ganina da ita."

"To, ni dai abin da na gani na faɗa. Kwamiti zai zauna ƙarshen mako. In ba a wanke ta ba, dole a karɓe shagon, a hana ta shigowa filin. Dokar kulob ce."

Mai Shago ya dafa bango. Da wannan shagon ya yi wa 'ya'yansa karatu, kuma shi yake fatan bar wa Auta.

Sufeto ya sallami Likita da Kyaftin, ya nufi teburin gyara.

"Ni ban san komai a wasan nan ba," ya ce wa Auta. "Yi mini bayani kamar ɗan aji ɗaya."

Ta ɗauko sandar da ta rage, mai ƙaton kai.

"Wannan direba ce, da ita ake buɗe wasa. Ita ta fi tsada a cikin ukun. Waɗanda suka ɓata, ɗaya katako muke ce mata, mai lamba bakwai, ta bugu daga tsakiyar fili. Ɗayar ruwa-biyu ce, tsakanin katako da ƙarfe."

"Ke kika zaɓar masa su?"

"Ni ce. Likita irin yawancin mutanen nan ne, sai ranar hutu yake wasa, hannunsa ba sauri. Irinsu ƙota mai laushi ke yi musu, da kai mai ɗaga ƙwallo sama. Amma kowa ya shigo sai ya nuna wadda ya gani a talabijin, mai tauri kamar rodi, ya saya, ya je yana noma da ita."

Sajan ya ƙyalƙyale da dariya.

A gefen teburin akwai wasu abubuwa biyu masu kama da safar hannu. Sufeto ya ɗaga ɗaya.

"Wannan fa?"

"Hular sanda ce, don kada kan ya goge. Na sandunan da suka ɓata ne."

"Sajan, da kai ne ɓarawon, kana so ka sayar, wacce za ka ɗauka?"

"Mai tsadar mana, yallaɓai. Kuma da hularta, ta fi saurin shiga."

"To wannan ya bar mai tsada, ya kuma tuɓe huluna ya ajiye."

"Wawan ɓarawo ke nan."

"Ko mai huluna a gida," in ji Sufeto.

Ya ja Auta waje, ƙarƙashin rumfa, ya bar mahaifinta a ciki.

"Ina kike shekaranjiya da rana?"

"Can filin koyo, ina koya wa wasu mata biyu. Ranar an yi zafi sosai, har Baba ya kawo mini lema da ruwan sanyi."

"Baba ya kawo miki?"

Sai ta kama baki.

Sufeto ya koma ciki. Mai Shago yana goge tabarau.

"Malam, lemar da kanta ta je filin koyo?"

Dattijon ya zauna daɓas.

"Ranka ya daɗe, na yi ƙarya. Tun tana ƙarama rana ke sa ta haɓo. Na hango ta tsaye ba inuwa, na kasa zama. Na ja ƙofa kawai, ban kulle ba. Da na je kuma sai na tsaya kallonta tana koyarwa." Ya sunkuyar da kai. "Dokar kulob ta hana barin shago a buɗe. Na ji tsoro."

"Ina da 'ya'ya mata uku a gida," in ji Sufeto. "Babbar har ta fara aiki, amma in ta yi tari ɗaya sai na tashi zaune. Na gane. Sai dai ƙaryarka ita ta rufe ƙofar da za ta fitar da 'yarka. Ka ce babu wanda ya shigo, to wa ya rage?"

Mai Shago ya ɗora hannu a ka.

Sufeto ya kira Auta.

"Ban da ke da Likita, wa ya taɓa riƙe sandunan nan?"

"Babu."

"Dube ni."

Ta ɗago, ta sake sauke ido.

"Akwai mutum ɗaya. Ya zo gwaji da sassafe, shi kaɗai. Ba ni da irinsu a shago, sai na ba shi na Likita ya ɗan buga a raga."

"Wane ne?"

"Ba na faɗa, yallaɓai."

"Auta!" in ji mahaifinta. "Shagon za a ƙwace!"

"Baba, kai ka koya mini. Maza suna zuwa nan a ɓoye su ce ƙarfinsu ya ragu. In na faɗi sunan ɗaya, wa zai ƙara tsayawa gaban ragar nan? Kuma gwadawa ya yi, ban ga ya ɗauka ba."

"Wannan taurin kan na uwarki ne, ba nawa ba."

Sufeto ya danne murmushi.

"To bar sunan. Yaya bugun nasa ya yi?"

Nan take fuskarta ta saki.

"Kai, ƙwallon ya tashi kamar ba shi ya buga ba. Har dariya ya yi shi kaɗai. Na ce masa waɗannan su ne naka. Sai ya ajiye, ya ce shi ba tsoho ba ne, ya fice."

Sufeto da Sajan suka hau barandar kulob, suka sa aka kawo musu lemo. Iska na kaɗawa, fili kore shar har iya ganin ido. Sajan ya miƙe ƙafa.

"Yallaɓai, a bar ni a nan in ci gaba da bincike har in yi ritaya."

A teburin da ke kusa da su wasu 'yan wasa biyu, wani lauya da wani mai kemis, suna jiran abokinsu, suna ta zolayar juna. Sufeto ya jawo kujera ya gaishe su.

"In mutum zai fara wasan nan, wace sanda zai saya? An ce mini ruwa-biyu tana da sauƙi."

"Kul!" in ji Lauya. "Kada Kyaftin ya ji ka. Sandar tsofaffi yake ce mata. Ranar da na sayi tawa, sai da ya tambaye ni ko a haɗo mini da keken guragu."

"Shi da me yake wasa?"

"Katako mai lamba uku, irin na gwanayen duniya," in ji Mai Kemis. "Shekara da shekaru yana ciyar da kifin tafkin can da ƙwallaye. Ai kifayen sun san muryarsa."

"Amma jiya ya tsallake tafkin," in ji Lauya.

"Shekaranjiya da yamma ma haka. Na ce masa ya faɗa mini abin da yake sha, in kawo a kemis."

"Kun ga sandar da ya buga da ita?"

"Wa ke gani? A tsakiyar fili kowa na can wajen ƙwallonsa. Mun dai ga jar hular sandar nan tasa mai lamba uku."

"Yanzu ko jakarsa ba ya bari a ɗaukar masa," Lauya ya ƙara. "Wai motsa jiki."

Ana haka Kyaftin ya fito daga ɗakin canza kaya, jaka a kafaɗa.

"A'a, Sufeto, ba ku tafi ba?"

"Wasan ne ya burge ni. In ba damuwa, zan bi ku in kalla."

Kyaftin ya ɗan yi jim, sannan ya ce babu komai.

Suka bi su daga wannan ramin ƙwallo zuwa wancan, Sajan yana haki a baya. Kyaftin yana buɗe wasa da direbarsa da ƙarfin gaske, ƙwallon ya karkace ya shige bishiyoyi, shi kuma ya ce iska ce. A ramin da tafki ya ratsa hanyarsa, ƙwallonsa ya tsaya a tsakiyar fili, ruwa na gabansa. Abokansa suka watse, kowa ya nufi nasa.

Sufeto bai watse ba. Ya tsaya a bayansa, hannu a aljihu.

Kyaftin ya kai hannu kan jar hula, ya janye. Ya zaro wata sandar ƙarfe.

"Ba da waccan kake tsallakewa ba?" in ji Sufeto.

"Yau kafaɗata na ciwo."

"Allah ya sauwaƙe. Bari in ga sandar gwanayen, ban taɓa riƙe irinta ba."

"Ba a taɓa jakar mutum ana cikin wasa. Doka ce."

"Ta kulob ke nan. Ni da tawa na zo."

Ya zare jar hular. Kan da ke ƙarƙashinta ƙarami ne, an liƙa masa baƙin tef, amma lamba bakwai ta ɗan leƙo. Ya zare hular da ke kusa da ita. Ruwa-biyu ce, robar mariƙinta sabuwa fil.

Lauya da Mai Kemis sun riga sun dawo. Babu wanda ya yi dariya.

"Nawa ne," in ji Kyaftin. "Na saya a wani wuri."

"A wane shago? Mu je yanzu, ga mota."

Kyaftin ya dubi tafkin, ya dubi abokansa. Kafaɗunsa suka sauka.

"Ba sata na yi niyya ba, wallahi. Tun ranar da na gwada su na kasa barci. Shekaranjiya na zo wucewa, na ga ƙofa a buɗe ba kowa. Na ce in buga gasar ƙarshen mako da su, in mayar kafin Likita ya dawo."

"Me ya hana ka saya? Kana da hali."

"In saya a gaban waɗannan? Bayan duk abin da na faɗa?"

"Da mun yi maka dariya kwana biyu, shi ke nan," in ji Lauya. "Ni ban mutu ba."

"Sandunan da sauƙi," in ji Sufeto. "Yarinyar fa? Ta rufa maka asiri, ubanta na roƙonta ta ƙi faɗin sunanka. Kai kuwa ka tsaya gabana ka nuna ta da yatsa."

Kyaftin ya kawar da kai.

Suka tako zuwa shago, Sajan na ɗauke da jakar. An kira Likita ya dawo. Ya juya sandunan, ya ce nasa ne. Lauya, wanda shi ma ɗan kwamiti ne, ya ce maganar karɓe shago ta mutu, batun barin ƙofa a buɗe kuma gargaɗi ya isa.

Mai Shago ya cire tabarau yana goge ido. Ya riƙe hannun Sufeto da hannu biyu.

Kyaftin ya tsaya a bakin ƙofa.

"'Yata, ki yafe mini."

"Kada ka ƙara kiranta haka," in ji Mai Shago. "Tana da uba."

Auta ta dafa kafaɗar mahaifinta ta zaunar da shi, ta miƙa masa ruwa. Ta ce wa Sufeto in an gama da sandunan a dawo mata da su, tef ɗin nan zai ɓata fenti.

Sajan ya buɗe ƙofar mota. Kyaftin ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya, ya matso kusa da Sufeto ya rage murya.

"Yallaɓai, a kotu me za a ce na ɗauka?"

"Abin da ka ɗauka. Katako mai lamba bakwai da ruwa-biyu."

"A gaban jama'a?"

"A gaban kowa."

Kyaftin ya ƙara matsowa.

"Ba za a iya cewa direba ba?"

"Shiga mota," in ji Sufeto.