Famfo Mai Mariƙi Biyu

Ranar Asabar ɗin da Zrinka ta shigo, Lovro na zaune yana goge hulunan kwanon da ya riga ya goge jiya. Shekara uku ke nan yana kula da tsohon gidan 'yan kwana-kwana na ƙauyensu a bakin kogin Mura, tun da aka mai da shi gidan tarihi. Sa'o'insa duk sun tafi Jamus neman aiki. Kullum sai ya dafa kofi na mutum biyu, ya sha nasa, ya zubar da ɗayan.

"Da mutane a ciki?" ta tambaya daga bakin ƙofa.

"Da mutum ɗaya," ya ce. Ya miƙe har hular ta suɓuce masa.

Daga birnin Stuttgart na Jamus suka zo ita da mahaifinta Dragutin, su sayar da gidan kakanta da ya rasu. An ce mata hoton tsohon na nan. Lovro ya nuna mata shi a bango, sai idonta ya tsaya kan wani siririn saurayi a gefensa.

"Kai! Wannan ai Babana ne. Bai taɓa ce min ya yi aikin kashe gobara ba."

"A garin nan wa bai yi ba? Kin ga igiyar can? Ta ƙararrawa ce. In aka kaɗa, duk wanda ya taɓa yin rantsuwar aikin nan sai ya zo, ko yana tsakiyar aski. Wanda ya kaɗa ba gobara kuwa, shi zai ciyar da rundunar kaf."

A tsakar gida akwai tsohon famfon hannu mai taya, da mariƙi biyu, ɗaya ya danna ɗaya ya ɗaga. Lovro ya ce rabon da ya ga ruwansa tun bara, don mutum ɗaya ba ya iya masa. Zrinka ta ajiye jaka ta kama ɗaya mariƙin. Famfon ya yi tari irin na tsoho, sannan ya feso ruwa ya jiƙa su sharkaf. Ran nan ba a zubar da kofi ba.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Mai ƙararrawa, hannuna ciwo yake, kuma laifinka ne."

Ya amsa: "Kwamandata, gobe ki dawo in ba ki haƙuri baki da baki."

Ta dawo, ta sake dawowa, har sati shida. Duk ƙauyen ya sani kafin su biyun su yarda sun sani.

Dragutin kuwa da ya ji, tsalle ya yi ya dire.

"Ƙauyen da makabarta ta fi makaranta cika? Shekara talatin ina wahala a ƙasar wasu don kar ki san wannan zaman. Ga Tobias can, likitan haƙori, yana jiranki. Ni ba abin da ya rage min a garin nan."

Mai kantin garin ta ji rabin maganar, ta kai wa Lovro ita da ƙari, wai har an sa ranar auren Zrinka da Tobias. Shi kuma gogan, da zurfin ciki, ya ƙi tambaya. Saƙonta uku bai amsa ba. Na huɗu ya ce: "Lovro na, shirunka ya fi faɗan Baba ciwo. Jibi da rana za mu tafi."

Ya karanta ya kifa wayar. Ya koma dafa kofi na mutum ɗaya, kuma wannan ya fi na da ɗaci. Kaɗaicin da ya saba da shi yanzu ya zame masa baƙo.

Ranar tafiyar yana share tsakar gida sai ga ta, idanu sun kumbura.

"Ina taya ki murna," ya ce, bai ɗago ba.

"Murnar me, sakarai? Kai nake so!"

Kafin ya buɗe baki ta wuce shi, ta kama igiyar da hannu biyu ta ja.

Ƙararrawar ta karaɗe ƙauyen. Sai ga tsofaffi daga ko'ina, wani da bokiti, wani da kumfar aski a rabin fuska. Amma wanda ya riga kowa isowa Dragutin ne, da silifa ɗaya, makullin mota a hannu. Bai tsaya tambaya ba, ya cafki mariƙin hagu, wurinsa na da.

"Kai yaro, kama ɗayan mana! Ina wutar take?"

Lovro ya kama. Sun danna sau uku kafin Dragutin ya lura ba hayaƙi ko'ina, sai 'yarsa tsaye riƙe da igiya.

"Baba," ta ce a hankali, "ka ce ba abin da ya rage maka a nan."

Ya dubi hannuwansa a kan ƙarfen. Tsoho Ignac, kwamandansu na da, ya matso yana haki.

"Drago, shekara talatin kana fashin aiki, yau ka riga kowa. To 'yarka ta kaɗa ba gobara. Ka san doka, wa zai ciyar da mu?"

Dragutin ya share ido da bayan hannu, ya harari Lovro.

"Ni zan ciyar da ku, maciya amanar banza. Amma sai ranar bikinsu."

Aka fasa sayar da gidan. A watan Mayu aka ɗaura auren. Da ango da amarya suka fito daga coci, Dragutin na mariƙin hagu, Ignac na dama, ruwan ya lanƙwasa kamar bakan gizo a saman kansu, mata na ta addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya, ya cika makarantar garin da 'ya'yansu.

Zrinka ta matso kunnen mijinta.

"Mai ƙararrawa, gobe kofi nawa za ka dafa?"

"Uku," ya ce. "Babanki ya ce shi zai buɗe ƙofar gidan tarihin."