Shagon Da Ya Ƙi Rufewa

Hasashe ya zauna a kujerar Auta ranar da aka buɗe ajin digiri na biyu, ita kuma ta tashe shi.

"Malam, jakata ka danne."

Ya miƙe yana ba da haƙuri, ya koma layin baya. Ranar bai ji ko kalma ɗaya ta darasi ba, ƙeyarta yake kallo.

Abokai ne suka liƙa masa sunan Hasashe, don ba ya buɗe baki sai ya faɗi yadda farashi zai kasance baɗi. Tattalin arziki yake karantawa, ita kuma harkar kuɗi. Akwai wani ma'aikacin banki a ajin, mai mota mai sanyi, shi ma ya yi ta zarya wurin Auta. Auta ta ce ba ya ba ta dariya. Ya haƙura.

Wata uku da haɗuwarsu Hasashe ya tura mata saƙo:

"Zumata, na duba alƙaluma. Duk ranar da ban gan ki ba, karatuna yana faɗuwa da kashi arba'in cikin ɗari."

Ta amsa: "Yunwa ce, Farfesana. Je ka ci abinci. Amma gobe ka zo da wuri, na riƙe maka kujera."

Bincikensa a kan ƙananan shaguna ne: wanne zai rayu, wanne zai mutu. Ya bi shago ɗari da takardar tambayoyi. Cikinsu akwai na wani tsoho mai sayar da ƙusa da kwaɗo da fenti a ƙarshen wani lungu. Babu allo a ƙofa, kayansa sun fi na maƙwabta tsada, yana kuma amsa tambaya kamar ana cire masa haƙori. Hasashe ya zuba amsoshin a kwamfuta. Don tausayi, ya koma ya miƙa wa tsohon sakamako.

"Baba, shagon nan ba zai wuce shekara guda ba."

Tsohon, wanda ake kira Mai Ƙusa, ya ninke takardar, ya sa a aljihu. Ya koma kan sikelinsa.

Ranar da Hasashe ya je gaida mahaifin Auta, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ɗaga kai. Mai Ƙusa ne a kan kujera.

"Kai ne."

"Ni ne, Baba."

Tsohon ya zaro takardar daga aljihu. "Saura wata nawa?"

"Bakwai, Baba. Amma ai..."

"To, mu jira. In ya rufe, ba na ba da 'yata ga wanda ya yi wa abincina baki. In bai rufe ba, karatun banza kake yi, ba na ba da ita ga marar sana'a. Tashi."

Kafin ya kai bakin titi saƙonta ya shigo:

"Shagon da ya raine ni ka kashe a takarda? Kada ka kira ni."

Ya rubuta: "Wallahi ban san na Baba ba ne."

"Da na baban wata ne fa?"

Wannan tambaya ta hana shi sukuni. Washegari ya koma lungun, ya zauna a bencin ƙofar shago. Tsohon bai kore shi ba, bai kuma gaishe shi ba. Mako shida yana zuwa. Ya ga kafintoci suna wuce shaguna uku masu araha su shigo nan. Ya ji wani ya nuna kwaɗo mai ƙyalli, tsohon ya ce, "Wannan kyau kawai gare shi, ɗauki wancan." Ya ga tsohon ya tura mai neman fenti wurin maƙwabcinsa, don nasa ya daɗe a gwangwani. Cikin tambayoyi talatin da Hasashe ya tsara, babu ɗaya da ta tambayi wannan.

Malamin da ke duba aikinsa ya ce, "Cire shagon kawai. Ɗaya ne cikin ɗari, yana ɓata maka jadawali."

Hasashe ya ƙi. Ya sake rubuta babi biyu, ya ƙara zango guda a makaranta, abokansa suka gama suka bar shi.

Wata rana Auta ta kawo wa mahaifinta abinci, ta tarar da Farfesanta da fenti har gwiwar hannu, yana tsince ƙusa 'yar inci biyu daga 'yar inci uku.

"An canza kwas ne?"

"Darasin da na tsallake nake maimaitawa, Zumata."

Ta juya baya don kada ya ga murmushinta. Ya gani.

Ranar kare bincike, Auta ta zo da mahaifinta. Ya zauna a baya, sanda tsakanin ƙafafu. Hasashe ya tsaya gaban malamai huɗu ya ce, "Lissafina ya nuna wannan shago zai rufe. Yau wata goma sha huɗu, yana nan. Ni ne na yi kuskure, don ban auna amana ba."

Daga layin baya aka ji muryar Mai Ƙusa: "Ƙara faɗa. Ban ji ba."

Tsohon kuwa ya ji sarai. Hasashe ya ƙara faɗa, malamai suna danne dariya.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Kafintoci suka cika wurin, suka haɗa wa amarya gado da kabad kyauta. Mai Ƙusa ya dafa kan ango ya ce, "Wanda ya iya cewa ya yi kuskure zai iya riƙe gida. Allah ya yi muku albarka." Auta ta share hawaye.

Mako guda bayan haka ango ya zo shago da sabuwar takarda.

"Baba, na fara digiri na uku. Tambaya goma ce kacal."

Tsohon bai ɗaga kai daga sikelinsa ba.

"'Ya na ba ka. Tambaya kam, ba zan amsa ba."