Muryar da Ta Taso daga Ƙasan Teku

Rana ta sunkuya, Auta tana wanke-wanke a kicin, sai famfon ya yi tari ya ɗauke. Shiru ya sauka a gidan. Daga nan kwanonin suka fara lotsewa ɗaya bayan ɗaya, alhali ba hannun da ya taɓa su. Yarinyar ta dafe kunnuwanta ta zube ƙasa.

Ba a jima da rasuwar yayanta ba. Mai nutso ne, yana gyaran ƙasan jiragen ruwa, sana'ar da ya gada wurin ubansu. Wata rana ya sauka, igiya ta dawo da hular ƙarfensa kaɗai. Uwar ta hana kowa taɓa hular. Ta ɗora ta bisa kabad, kullum sai ta goge ta.

Tun daga yammacin nan, da magariba ta kawo kai Auta take fara haki. Ƙirjinta ya danne, jini ya tsatso daga kunnenta na hagu, sannan ta buɗe baki muryar marigayin ta fito: "Umma, ina wuni?" Abin tausayi, uwar ba tsorata take yi ba, jira take yi. Har tabarma take shimfiɗawa. 'Yarta tana ƙarewa a gabanta, ita kuwa idonta ya rufe.

Uban ne ya gaji ya ɗauko malami, wani dattijo marar yawan magana. Malam ya zauna a gefen yarinyar ya yi ta karatu, har muryar ta sauya ta koma wata mai kauri da sanyi.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Ni aljani ne. A ƙasan teku nake, inda yaronku ya kwanta. Na leƙa cikin hularsa aka jawo ni sama. Nan babu nauyi, Malam, jikina watsewa yake yi. Sai na matse ƙirjin yarinyar nan nake jin na haɗu."

"Ga baho cike da ruwa. Fita ka shiga."

Aljanin ya yi wata dariya marar daɗin ji. "Ruwan da bai wuce idon sawu ba?"

"To akwai tafki a bayan unguwa, faɗinsa ya ishe ka."

"Faɗi ba ya danne kowa. Tambayi tsohon nan."

Uban ya amsa. "Gaskiya ya faɗa. Ruwan da ke bisa kanka shi ke matse ka. Duk yadda ka ƙara sauka, matsin ƙaruwa yake yi. Na gishiri kuma ya fi na daɗi nauyi." Ya juya wurin aljanin. "Ni na koya wa yaron haka. Koma cikin hular, in ɗaura mata dalma, in sake ta inda ka fito."

"Na yarda. Amma muryar tare za mu tafi. Kuma sai uwar ta sallame ni da bakinta, don ita ke riƙe da ni."

Uwar ta rarrafo. "Ɗana ya sha wahala?"

"Ya kira ki."

Ta fashe da kuka. "A bar ni in ji shi sau ɗaya. Sau ɗaya tak, Malam, don Allah."

Malam bai yi mata faɗa ba. A hankali ya ce, "Duk kalmar da kika ji, daga numfashin 'yarki ake cirarta. Dube ta."

Ta duba. Ta ga ƙasusuwan wuya a fili, ta ga leɓe ya yi baƙi, ta ga busasshen jini a matashin kai, sabo yana bin bayansa. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta lokaci guda. Ta miƙe da kanta ta sauko da hular, ta ajiye a gaban mijinta.

"Tafi," ta ce. "Allah ya jiƙan ɗana."

Ƙirjin Auta ya ɗago, ta ja dogon numfashi, ta buɗe ido. Uban ya rungumi hular, wadda yanzu da kyar yake ɗaga ta, ya fita.

Uwar ta sunkuya ta kai bakinta kunnen 'yarta na hagu ta ce, "Ki yafe mini."

Auta ta zuba mata ido. "Umma, magana kike yi?"

Sai da uwar ta zagaya ɗaya kunnen ta sake faɗa.