Baƙar Miyar Pani Bożena

A cikin gawawwaki Jagoda ta fara ganinsa. Wani fili ne a bayan garin Łódź, ana ɗaukar fim ɗin yaƙin zamanin da, mutum sittin kwance cikin taɓo, ita kuwa aikinta ta bi su da kwalbar jinin ƙarya tana shafa musu. Tana zuwa kan wani dogo mai gashin baki, sai gawar ta buɗe ido ɗaya, ta kira ta Pani, wato Malama.

"Don Allah Pani, a ƙara min a wuya. Jiya darakta ya ce ban mutu sosai ba."

"Rufe ido, Pan Gawa. Matattu ba sa surutu."

Ina! Bai rufe ba, sai ma ya buɗe na biyun. Ranar sau uku tana ɓarar da jini a ƙasa.

Sunansa Radek, irin 'yan wasan nan da ake ɗauka don cika fili. A fim ɗin barkwanci kabad ya faɗo masa a ka, a na tatsuniya dodo ya haɗiye shi, a na ban tausayi shi ne majinyacin da aka ja wa mayafi. Sau ɗaya tak aka nuna fuskarsa da kyau, a wani fim ɗin tarihi, inda ya fito manemin aure da iyayen yarinya suka ajiye wa baƙar miyar jinin agwagwa. A al'adarmu ta da, wannan miyar ita ce amsar "ba mu ba ka ba". Sau goma sha huɗu aka maimaita ɗaukar wurin, har abin ya zauna masa a rai.

Kafin wata uku wayoyinsu ba sa hutawa.

"Gawata, yau sau nawa ka mutu?"

"Sau biyu, 'yar kwaɗona. Na ukun sai na gan ki."

Matsalar tana gida. Mahaifinta Pan Zenon shekara talatin ya yi yana haska fim a sinimar unguwarsu, ba fuskar da bai sani ba.

"Wannan? Sau goma sha ɗaya na ga mutuwarsa, ban taɓa jin muryarsa ba. Ga Kacper jarumi guda, hotonsa a kowace tashar mota, kullum yana aiko miki da furanni."

"Baba, Kacper madubi yake so, ba ni ba."

Da ƙyar da magiya ya yarda Radek ya zo cin abincin rana ranar Lahadi. Mahaifiyarta Pani Bożena, baiwar Allah, 'yar ƙauye ce daga Kujawy, inda ba a karrama baƙo da abin da ya fi baƙar miyar jinin agwagwar nan. Tun Juma'a ta sa aka kawo mata agwagwa mai ƙiba.

Radek ya iso da furanni bakwai, ya sumbaci hannun uwar, ya zauna a ɗarare. Aka buɗe tukunya, aka fara zuba wa baƙo. Ya dubi kwanon, baƙi ƙirin. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya miƙe, ya rusuna, ya ce, "Na gode da kuka faɗa min cikin mutunci," ya fice.

"Gishiri ne ya yi yawa?" in ji Pani Bożena. "Ai ko ɗanɗanawa bai yi ba!"

Jagoda ta bi shi har titi, ya riga ya hau jirgin ƙasan cikin gari. Can sai ga saƙo:

"Na fahimci amsar iyayenki, kuma ba zan raba ki da su ba. Asabar zan bi yayana Norway aikin kifi. Ki yafe wa Gawarki."

"Wace amsa? Radek, ka ɗauki waya! Wallahi ba na son irin wannan wasan."

Wayar a kashe. Ta je ɗakinsa, a kulle. Ta zaga wuraren ɗaukar fim uku, ba wanda ya gan shi. Ta kasa zaune ta kasa tsaye, daga taga sai ƙofa, abinci ma sai dai ta juya cokali ta ture. Ita da uwarta ko kusa tunaninsu bai kai kan miya ba, don wa ke tuna wannan al'ada yanzu?

Mutum ɗaya ne ya gane tun a teburin. Pan Zenon da hannunsa ya haska fim ɗin nan mako biyu cur. Amma ya ja bakinsa ya yi gum, tunda abin ya zo masa daidai.

Ranar Juma'a da safe ya tarar da 'yarsa zaune a matakala da kwalbar jinin ƙarya a cinya, ta kasa tafiya aiki. Ba kuka take ba, kuma wannan ne ya fi karya masa zuciya. Kunya ta kama shi. Ya buga wa tsofaffin abokan sana'a waya don jin inda Radek yake aiki, ya ɗauki hularsa.

A wani filin gero ya same su, ana tsaka da ɗaukar yaƙi. Tsoho ya kutsa gaban kyamara yana tsallake matattu, darakta na ihu.

"Kai, mai gashin baki! Tashi!"

Radek ya ɗago da kibiya maƙale a ƙirji. "Pan Zenon?"

"A fim ɗin naka, mutum nawa aka zuba wa baƙar miya?"

"Ni kaɗai."

"To mu a gidana tukunya guda aka yi, har da ƙari na sha. Ni ma korata aka yi? Matata kwana biyu ta yi a kan agwagwar nan saboda kai." Ya cire hula, muryarsa ta sauka. "Na san abin da ka zata tun a ranar, na yi shiru da gangan. Laifina ne. Yarinyata ba ta cin abinci. In har kana son ta, yau dai ka buɗe baki in ji muryarka."

Radek ya miƙe tsaye, taɓo na zuba daga jikinsa. "Ina son ta, Pan Zenon. Ku ba ni ita."

"Na ba ka. Cire kibiyar nan mu tafi."

Gawawwaki sittin suka tashi zaune suna tafi.

A cikin Yuni aka ɗaura auren. Iyaye suka tari ango da amarya a ƙofa da burodi da gishiri, suka sa musu albarka, Allah ba su shekara ɗari tare. Da aka zauna cin abinci, kowa romon kaza aka ba shi, sai ango kaɗai Pani Bożena ta dire wa kwanon baƙar miya, ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu.

Radek ya dubi Jagoda, ya ɗauki cokali ya shanye tas, ya miƙa kwanon.

"Mama, a ƙaro."